Surukata ta hana a yi wa yarana rigakafi, ni kuma ina tsoron zuwa gwaji

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a Kano, shekarata 34, yarana huɗu, babbar mace ce shekararta 12, autan kuma watansa bakwai. Gida ɗaya muke da mahaifiyar maigidana tun bayan rasuwar mahaifinsu, kuma tsakani da Allah Hajiya bata taɓa cutata ba, ita ce ma ke riƙe min yara in na fita. Matsalarmu allura ce. Da autan yayi sati shida na kaishi aka yi masa ta cinya, a daren ya kwana kuka jikinsa zafi rau, cinyar ta kumbura, tun daga ranar Hajiya tace ba mai ƙara kai mata jika a tsira masa abinda ba'a san ko menene ba, ta karɓe katin ta ajiye a ɗakinta. Ana cikin haka sai ga babbar ta dawo daga makaranta da takarda wai za'a yi musu allurar sankarar bakin mahaifa. Hajiya tace ta ji a wani odiyo a WhatsApp cewa ta hana haihuwa ce, in ba haka ba me yasa mata kawai, kuma me yasa kyauta alhali ko parasitamol sai ka siya. Abbansu yace shi bazai saɓa wa mahaifiyarsa akan allura ba, ya ƙara da cewa ai ance ta hanyar kwanciya ake ɗaukar cutar, shi kuwa 'yarsa ba 'yar iska bace. Anti wannan ciwon shi ya kashe mahaifiyata, nice nayi jinyarta, na ga jinin da idona, bana so 'yata ta ga irin wannan ranar. Ƙawata tace in kwashe su a ɓoye kawai in kai su. Ni kaina nas ta sha ce min in zo a duba ni amma na kasa, tsoro nake kar a ce ina dashi, gara ban sani ba. Ya zanyi?

Wa alaikumussalam ƙanwata. Allah ya jiƙan Mama, ya sa ciwon da ta sha ya zama kankarar zunubi, ke kuma ya baki ladan jinya. Wanda bai taɓa jinyar mai wannan ciwo ba bazai gane me kike nufi da kin ga jinin da idonki ba, shi yasa tsoron da kike ji bai bani mamaki ba ko kaɗan. Amma zan yi miki magana ba ɓoye-ɓoye, dan abu uku kika haɗa min a saƙo ɗaya kuma gaggawarsu ba ɗaya bace. Wanda ya fi ci miki rai, wato allurar babbar, shine ma yake da ɗan sauran lokaci. Na autan bashi da lokacin jira. Naki kuma kin cusa shi can ƙarshe kamar ba komai ba, to na gani.

Allurar cinyar nan da aka yi wa autan a sati shida, wadda ma'aikata ke cewa fenta, cuta biyar take karewa: mashaƙo, tarin shiƙa, tetanos, ciwon hanta nau'in B, da wata ƙwaya dake kawo wa jarirai sanƙarau da ciwon huhu. Sau uku ake yinta, sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu, kuma guda ɗaya bata isa ba, kenan yaronki yanzu kariyarsa bata cika ba. Zazzaɓi da kumburin da Hajiya ta gani ba ƙarya ta gani ba, sananne ne da wannan allurar, jiki ne yake aikinsa kuma yawanci kwana ɗaya ko biyu ya wuce, a bashi nono akai-akai, a rage masa kaya, a bashi parasitamol na yara daidai awon da ma'aikaciya ta faɗa, kar a murza wurin kuma kar a gasa da ruwan zafi. Abinda ke bani haushi da wasu wuraren rigakafin shine layi yayi tsawo, a tsira a ce na gaba, ba mai tsayawa ya gaya wa uwa cewa yau da daddare zai yi zafi kar ki tsorata. Da an faɗa tun a can da kinzo gida kin gaya wa Hajiya kafin zazzaɓin yazo, da ƙila bamu kawo nan ba.

Labari mai daɗi shine ba sai an faro daga farko ba, daga inda aka tsaya za'a ɗora, a yi ta biyu, bayan sati huɗu a yi ta uku, ga kuma ta wata tara na tafe wadda ake yi ta ƙyanda da ta shawara. Ko da kati baya hannunki, sunansa na cikin rajistar asibitin da kika kaishi. Kuma ke 'yar Kano ce, ba sai na baki labarin mashaƙon 2023 ba, Kano ce tafi kowace jiha shan wuya, kuma mafi yawan yaran da abin ya kama waɗanda basu cika allurarsu bane. Wannan maganar ta cikin satin nan ce, ba ta bayan sallah ba.

Yanzu Hajiya. Dan Allah kar ki bari ƙawarki ko wani ya saki kina kallonta a matsayin jahila ko maƙiyiya. Mace ce da ta ga jikanta ya kwana yana kuka ta kasa jurewa, kuma tsoron allura a Kano yana da tarihi. A 1996 lokacin annobar sanƙarau kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan a Kano, yara kusan 200 aka sa a gwajin, kusan rabinsu aka ba Trovan ɗin, goma sha ɗaya cikin 200 ɗin suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin jiha akan dala miliyan 75. Wannan ba rigakafi bane, maganin jinya ne da ba'a gama tantancewa ba, amma ga wanda ya rayu a lokacin duk abu ɗaya ne, bature yazo da magani kyauta yara sun mutu. Daga nan aka zo 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi akan irin wannan zargin na hana haihuwa, sai a 2004 aka dawo bayan an kawo wanda aka yi a Indunusiya, a tsakanin nan yara da yawa suka shanye har cutar ta tsallaka ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. To ki duba, yaran da aka ɗiga wa rigakafin shan innar tun daga 2004 yau su ne ke aure suna haihuwa a unguwarku, ita kanta Hajiya ta halarci sunayensu. A watan Agusta 2020 kuma aka sanar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna. Wannan hujjar ta fi kowace takardar likita ƙarfi a wurin tsohuwa, dan da idonta ta gani.

Tambayoyinta biyu kuma masu hankali ne, a bata amsa ba tsawa ba. Me yasa kyauta? Ba kyauta bace a asali, biya ake yi, gwamnati da wata ƙungiya mai suna Gavi dake tallafa wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su ke siya, domin tsayar da cuta kafin tazo ya fi jinyarta araha nesa ba kusa ba. Maganar cewa asibitocinmu ba magani kuwa gaskiya ta faɗa, ni ma ina tayata wannan ƙorafin, amma laifin gwamnati akan parasitamol bai kamata jikarta ce zata biya ba. Me yasa mata kawai? Saboda su ne masu mahaifa, su abin yafi kashewa, kuma allurar bata wadaci kowa ba aka fara da su. A ƙasashen da suke da hali irin su Ostireliya da Ingila har yara maza ake yi wa. Abu Dhabi ta fara tun 2008, Maleshiya ƙasar musulmi ta fara yi wa 'yan mata a makarantu tun 2010, Ruwanda 2011, mu sai a Oktoban 2023 ta iso cikin rigakafin gwamnati, guda ɗaya tak ga 'yan shekara 9 zuwa 14. Kenan ba akan 'ya'yanmu ake gwaji ba, mu ne ma muka makara. An bibiyi miliyoyin matan da aka yi wa tun 2006 da aka fara amfani da ita, ba'a samu tana hana haihuwa ba. Abinda ke raba mace da haihuwa shine sankarar in ta kai a cire mahaifa ko a ƙona da na'ura.

Maganar Abbansu ta fi min ciwo amma na fahimce shi, kishin 'yarsa yake. Sai dai ki tambaye shi cikin nutsuwa, ba gaban kowa ba: Mama fa? Shi ya san surukarsa, ya san irin rayuwar da tayi. Ƙwayar da ke jawo wannan sankarar, wadda ake kira HPV, ta yaɗu sosai har yawancin mutanen da suka taɓa kwanciyar aure suna haɗuwa da ita wani lokaci a rayuwarsu ba tare da sun sani ba, namiji yawanci baya jin komai, zai iya ɗauko ta daga auren da ya taɓa yi ya kawo wa amarya budurwa wadda bata taɓa sanin kowa ba sai shi, a gidan da ake da kishiyoyi kuma tana iya zagayawa ba wanda yayi laifi. A yawancin mutane jiki yana kore ta da kansa cikin shekara ɗaya zuwa biyu, a wasu kaɗan ne take maƙalewa, a hankali cikin shekara 15 zuwa 20 ta rikiɗe ta zama sankara. Allurar bata warkar da wanda ya riga ya ɗauka, shi yasa ake yi tun yarinya bata yi aure ba. Ba zargin tarbiyyarta ake ba, mijin da zata aura ne ba wanda ya san tarihinsa, kuma shi Abbansu ba zai iya rantsuwa akan surukin da bai ma gani ba tukuna.

Sai shawarar ƙawarki. Ni dai ban goyi bayan ki fara da ɓoye ba. Ba dan bakida hakki akan 'ya'yanki ba, kina dashi. Amma ki lissafa, autan saura allura da yawa a gabansa har zuwa wata goma sha biyar, kuma zai iya sake yin ɗan zazzaɓi, gida ɗaya kuke da Hajiya ita ke goyonsa, a daren zata gane. Ranar da ta gane kuwa magana ta tashi daga allura ta koma kin raina ta kin ci amanar ɗanta, kuma duk ciwon da yaron zai yi nan gaba ko mura ce a kanki za'a ɗora. Ita babbar kuma kin koya mata ɓoye wa ubanta abu. Kin samu allura ɗaya kin rasa sauran.

Ƙofar ita ce Abbansu, domin Hajiya bazata sauko dan suruka ta kayar da ita a gardama ba, amma zata iya saukowa dan ɗanta ya lallaɓa ta. Ki lura da abinda yace, bai ce allurar cuta bace, cewa yayi bazai saɓa wa mahaifiyarsa ba, to kar ki sa shi zaɓi tsakaninki da ita, zaki faɗi. Ki same shi lokacin da ya ci ya huta, ki bar maganar babbar gefe tukuna, ki ce masa buƙata ɗaya gareki, ya raka ki asibitin da kansa da autan ya yi wa ma'aikaciya ko likita duk tambayar da yake so, in bai gamsu ba ku dawo. Maza da yawa basu taɓa taka wurin rigakafi ba, labari kawai suke ji. Ki bashi labarin jinyar Mama dalla-dalla in baki taɓa bashi ba, kuɗin da aka kashe, zirga-zirgar da aka yi, daren da baku runtsa ba, dan wani lokacin muna ɗauka miji ya sani alhali daga bakin ƙofa kawai ya leƙa yace sannu.

In ya gamsu, shi zai shiga wurin Hajiya, ba da sigar mun yanke hukunci ba, da sigar neman albarka. In ta taɓa zuwa Makka to an yi mata allurar sanƙarau kafin ta hau jirgi, dan Saudiyya bata barin alhaji ya shiga sai da ita, ya tuna mata da wasa da dariya ba da gatse ba. In tace ai komai ƙaddara ce, gaskiya ne, amma Sayyidina Umar da ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke juyawa yayi, da aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake, yace eh muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Wannan in ya fito daga bakin malamin da take ganin girmansa, ko malamar islamiyyarsu, ya fi ya fito daga bakinki. Kowane dangi kuma akwai wanda Hajiya bata iya ce wa a'a, wani yayanta, wata aminiyarta, ko 'yarta ta cikinta, ki nemo wannan mutumin. Kuma ki bata matsayi a cikin abin, ki roƙe ta ita ta riƙe katin tunda yana wurinta, ita zata riƙa tuna muku rana, in da hali ma a tafi da ita ta riƙe jikanta ta yi wa nas tambayoyinta, daga nan a auna mata jini tunda an zo, dan hawan jini shima baya sallama kuma a shekarunta ya kamata a riƙa dubawa. Tsofaffi da yawa ba allurar suke ƙi ba, a yi abu a bayan idonsu ne basa so.

To in duk anyi wannan Abbansu ya kafe fa? Akan autan, ki gaya masa a fili, cikin ladabi, cewa ke bazaki iya zama ki zuba ido ba, zaki kaishi ranar kaza, kuma kina so ya sani kafin ki tafi. Faɗa a gaba daban, satar hanya daban. In kina ganin hakan zai jawo abinda ya fi ƙarfinki, ki sa babban da yake jin nauyinsa a ciki, waliyyinki ko wani kawunsa. Akan babbar kuma kina da sarari har kafin ta cika 15, in ta makarantar ta wuce ki tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, tana cikin rigakafin da ake yi a can. Kar dai sararin ya zama mantuwa, ki sa wa kanki wa'adi, misali kafin ƙarshen wannan zangon karatun. Ita ma yarinyar a yi mata bayani, shekara 12 ba jaririya bace, ta ji odiyon nan ko a gida ko a makaranta. Ki gaya mata a hannu ake yi, zai ɗan yi tsami kwana ɗaya ko biyu, ta ci abinci kafin taje kuma ta zauna kamar minti goma sha biyar bayan an yi, dan wasu 'yan matan tsoro na sa su jiri, kar ta ga wata ta zube ta dawo gida da labarin da zai rusa komai.

Saura ke ƙanwata. Kina so ki yi yaƙi da gida guda akan 'yarki amma ke kin ƙi taka ƙofar asibiti, kuma dalilinki da na Hajiya ɗaya ne, tsoro. Ban faɗa dan in kunyata ki ba. Ki fara cire wa ranki cewa tunda Mama tayi ke ma sai kinyi, wannan ba ciwon gado bane irin sikila, ƙwayar cuta ce ke jawo shi. Sannan gwajin nan ba sankara ake nema dashi ba, ana neman canjin da ke zuwa shekaru kafin sankara, lokacin da mace bata jin komai, kuma a wannan matakin maganinsa na 'yan mintuna ne, a ɗumama wurin ko a daskarar dashi da wata 'yar na'ura ki tashi ki tafi gida da ƙafarki, mahaifarki na nan. Abinda kika gani a jikin Mama ƙarshen hanya ne, irin wanda ake zuwa asibiti bayan jini ya daɗe yana zuba. Hukumar Lafiya ta Duniya tace a 2020 mata kusan 12,000 aka samu da wannan ciwo a Najeriya, kusan 8,000 suka rasu, kuma babban dalilin yawan mutuwar shine zuwa a makare. Gara ban sani ba ɗin nan shi yake kai mata can.

Shawarar hukumar ita ce mace ta fara gwaji daga shekara 30, mai ɗauke da HIV kuma daga 25, kinga ke har kin ɗan wuce. Yadda ake yi ba wani abin tashin hankali bane, ke da kika haihu huɗu, zaki kwanta kamar awon ciki a sa wani ɗan abu mai kama da bakin agwagwa a buɗe a ga bakin mahaifa, sai ko dai a shafa ruwan khal a duba in wani wuri zai yi fari, ko a ɗan goge a kai ɗakin gwaji. Ba daɗi amma ba ciwo sosai, minti kaɗan ne. Kina da hakkin ki ce mace kike so ta duba ki, ki faɗa tun a wurin yankar kati. Ki je ɓangaren mata na babban asibiti kamar na Malam Aminu Kano ko Murtala, ko ki koma wurin nas ɗin nan da ta damu dake tace miki inda ake yi kusa da nawa ne, ki zaɓi ranar da ba kya al'ada. In sakamako yayi kyau za su gaya miki yaushe zaki dawo, na khal ɗin bayan kamar shekara uku ne, na gwajin ƙwayar HPV kuma shekara biyar ko fiye. Ki ce a duba miki nono a ranar, a auna jini, tunda kin riga kin fito.

Kar ki tafi ke kaɗai. Ƙawar nan taki mai zafin nama da ke son a kwashi yara a ɓoye, ga aikin da ya dace da ita, ta raka ki ita ma a duba ta. In kina da 'yan'uwa mata da kuka yi jinyar Mama tare, kusan tabbas irin tsoronki suke ɗauke dashi, ki kira su ku sa rana ɗaya. Kuma ki gaya wa Abbansu zaki je, ki nemi kuɗin mota a hannunsa, in kin dawo ki nuna masa takardar, dan mutumin da ya ga matarsa ta fara da kanta zai fi saurin sauraronta akan 'yarsa.

Abu ɗaya ne bazai jira sa rana ba. Baki ce min kina ganin wata alama ba, amma na san mata da ɓoye irin wannan ko a saƙon da ba suna. In kina ganin jini bayan kwanciya da maigida, ko jini tsakanin al'ada da al'ada, ko ruwa mai wari da yaƙi jin magani, to ba gwajin rigakafi kike buƙata ba, likitan mata kike buƙata cikin satin nan, kar ki tsaya kemis ko maganin sanyi na gargajiya. Sau da yawa ba sankara bace, wani abu ne mai sauƙi, amma likita ne zai faɗi haka bayan ya duba.